Gawon da Na Sa wa Ganye

Na fara aiki a gidan likita na Damagaram ina ganin yawancin cututtukan duniya daga zuciya suke tasowa. Ba a lakwal, wato makarantar boko, aka koya mini haka ba. A can an koya mana tafasa allura, da wanke ciwo, da yadda ake tsayawa idan lokotoro, wato babban likita, ya shigo. Maganar zuciya daga littattafan kawuna na samo ta. Mu mutanen unguwar Birni ne, asalinmu Barno, kawuna kuma yana fataucin fata tsakanin nan da Kano. Duk dawowar da zai yi sai ya sako mini ƙananan littattafan labari biyu ko uku cikin kaya, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin kasuwa. Shi bai iya karanta su ba, da hoton bango yake zaɓa. A cikinsu babu saurayin da yake fama da gudawa ko ciwon haƙori. In ya kwanta, wata ya gani a bakin rijiya. In ya tashi, wasiƙarta ce ta iso.

Wata rana, shekara biyu ko uku kafin ƴancin kai, lokotoronmu, wani Bafaranshe dogo mai yawan gumi, yana wanke hannu yana hira da manjo, wato babban ma'aikacin jinya da ke kanmu. Ya ce a wani asibitin soja da ya taɓa aiki akwai wata mata da take zuwa tana karanta wa masu rauni waƙoƙi da labarai, wasu ma tana sa su rubuta abin da ke ransu, kuma ya ga kamar waɗannan sun fi saurin tashi. Ya faɗa ne kamar mai cewa jiya an yi zafi. Ya karɓi tsumman goge hannu daga wurina ya fita. Ni na ɗauka umarni ne.

Na roƙi manjo ya ba ni kaye guda, wato littafin rubutu. Ya buɗe kabad ya ciro wani mai tambarin gidan likita a bango, ya miƙo mini, ya ce, “Me za ka yi da shi?”

Na ce, “Bincike.”

Ya ce, “To. Ka gama da fo ɗin fitsarin majiyyata tukuna.”

Na raba kowane shafi biyu. A dama nakan rubuta abin da na karanta wa majiyyaci bayan azahar, a hagu kuma abin da ya yi. Har yanzu ina tuna wasu daga cikin na hagu. Ya yi barci. Ya nemi goro. Ya tambaya ko an kusa gamawa. Wani mai karayar cinya na karanta masa waƙar da na yi da kaina, kan wata ƴar tela ta unguwar Zongo da na gani sau biyu, ita kuma ba ta san ina duniya ba. Ya saurara har ƙarshe, don ba shi da yadda zai yi, sannan ya roƙi a mai da gadonsa baranda. Na rubuta cewa waƙar ta sa shi son iska. Haka na yi ta yi har kaye ya kai rabi, ban karaya ba, don a littattafan kawuna ma sai kusa da ƙarshe abubuwa suke gyaruwa.

Da daminar shekarar ƴancin kai aka kawo mana wani manomi daga wani ƙauye na wajen Droum, a kan jaki, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma. Zai kai shekara hamsin, siriri, mai gajeren gemu, ba ya son magana. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Mutanen ƙauye ba su cika kawo kurkunu gidan likita ba, a gida suke jinyarsa, amma wannan matarsa ce ta matsa, ta kuma biyo jakin da ƙafa.

Wanda bai san kurkunu ba, tsutsa ce fara, siririya kamar zare, doguwa, daga ruwan tafki ake shan ta. Sai ta shekara a jikin mutum sannan ta huda fata ta leƙo, kuma ta fi son leƙowa daidai lokacin da ake noma. Ba ta da wani magani sai haƙuri. Kowace safiya a jiƙa wurin, a kama abin da ya fito, a naɗe a ɗan tsinke a hankali, da an ji ta ƙi sai a tsaya a ɗaure, sai gobe. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko haka ba a samu ba. In aka ja da ƙarfi ta tsinke, sauran ta koma ciki ta mutu, ƙafa ta ɗauki ruwa. Wani ya tashi da gurguwar ƙafa, wani ba ya tashi.

Manjo ya duba ƙafar ya ce, “Baba, sati uku ne ko huɗu. Ba taka ƙasa, ba taɓa tsinke.”

Mutumin ya ce, “Na yi noman farko. Maimai ya rage.”

“Wa ke gida?”

“Mata da ƴan mata biyu.”

“To Allah ya kawo mai taimako. Kai dai ƙafar nan ita ce gonarka yanzu.”

Mutumin ya juya fuska wajen taga, inda hadari yake haɗuwa ta gabas.

Naɗin tsinke aka ba ni, kuma shi ba ya cin lokaci. Wahalar ita ce sauran yinin. Mutum ne da bai taɓa kwanciya da rana ba tun yana yaro. Da an yi ruwa sai ya tashi zaune yana shinshina iska, hannunsa yana tafiya wajen tsinken da kansa. Sau biyu na kama shi yana gwada ja. Manjo ya ce mini, “In tsutsar nan ta tsinke, kai zan tambaya.”

Na ga lokacin binciken gaske ya zo. Na ɗauko littafin da na fi so, labarin wani saurayi ɗan attajiri da aka hana shi ganin masoyiyarsa, ya kwanta wata uku ba ci ba sha, yana aika mata waƙa ta hannun tsohuwa. Na zauna a bakin gado na karanta masa shafi shida. Da na ɗaga kai na ga idonsa a buɗe, ina murna.

Ya ce, “Ɗan lakwal.”

“Na'am, Baba.”

“Wata ukun nan da ya kwanta, rani ne ko damina?”

Na duba littafin. Na ce ba a faɗa ba.

“Wa ya yi masa noma?”

“Ba shi da gona, Baba. Ɗan attajiri ne.”

“To shi ya sa.” Sannan ya ce, “Ranar Jumma'a zan tafi. Ka naɗe mini abin da ya samu, sauran na ƙarasa a gida.”

Ranar Laraba ke nan. Abin da ke kan tsinke bai kai taƙi ɗaya ba, manjo kuma ya ce da sauran mai yawa.

Ranar Alhamis na tuna da rabin maganar lokotoro da ban taɓa gwadawa ba, wato rubutu. Na ce, “Baba, tunda gonar ce a ranka, faɗa mini yadda take in rubuta. Sai a san inda aka fi bukatar hauya, ko da wani zai taimaka.” Ya dube ni kamar zai ƙi, sai kuma ya fara, daga iyakar gabas. Layin gamba ne ya raba shi da maƙwabcinsa. Daga nan jigawa, gero da wake. Akwai suri, a bar shi. Akwai gawo babba a tsakiya, ƙarƙashinsa gero ya fi ko'ina kyau. Ya faɗi wannan cikin magana biyar ko shida, busassu kamar kara.

Ni kuwa ba zan iya barin magana haka tsirara ba. Da na koma ɗakin magani na zauna na yi mata ado. Bayan la'asar na dawo na karanta masa. Na ce gabas da gonar akwai ciyayi masu rangaji kamar ƴan mata a dandali. Ya motsa baki. Na ce a tsakiyarta gawo yana tsaye lulluɓe da koren ganye, yana zuba wa gero inuwa mai sanyi a wannan damina mai albarka.

“Tsaya.”

Na tsaya.

“Gawo da ganye?”

“I, Baba.”

“Da damina?”

Wani tsoho mai ciwon ido a gado na kusa ya fara dariya har da tari. Ni haifaffen Birni ne. Na san gawo, na sha wucewa ta gindinsa, amma ban taɓa ɗaga kai na dube shi da damina ba. Ashe shi kaɗai ne icen da yake zubar da ganye idan ruwa ya sauka, ya tsaya fayau kamar matacce, sai rani ya yi kore. Shi ya sa manomi yake son sa a gona, ba ya tare wa gero rana.

Mutumin ya miƙo hannu ya karɓi kayen. Bai iya karatu ba, amma ya juya shi ya kalli tambarin da ke bango.

“Wannan takardar gwamnati ce?”

Na ce ta gidan likita ce.

“Gidan likita na wa?”

Na ce na gwamnati.

Ya ce, “La ilaha illallahu.” Sannan ya ba mu labarin wata rijiya a ƙauyensu. An taɓa yin gardama a kanta, wani magatakarda ya zo daga gari ya rubuta cewa tana yamma da hanya. Rijiyar tana gabas da hanya, kowa yana ganin ta, makaho ma da sandarsa ya san haka. Amma tun daga ranar ta zama ta mutanen yamma, don haka takarda ta ce. Ya ce, “Yanzu ka rubuta mini gona mai gawo da ganye da damina. Gobe wani ya zo da takardar nan ya duba, ya ce wannan ba ita ce ba, tawa ba ta nan. Goge.”

Na goge, na rubuta daidai, na karanta masa. Ya ce ƴan matan dandali ma a cire su, gamba ce. Muka kai magariba ba mu wuce gawon ba.

Ranar Jumma'a matarsa ta zo da fura, da jakin, kamar yadda ya aika mata. Ya faɗa mata da baki inda za a fara maimai, da wanda za ta roƙa cikin ƴan'uwanta. Ta ce, “Ba tafiya za mu yi ba?”

Ya ce, “Akwai aikin da ban gama ba. Yaron nan zai sayar da mu.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja jakinta ta koma.

A gefen hagu na rubuta: bai tafi ba. Wannan ne karo na farko da na rubuta abin da na ji daɗinsa a wannan gefen.

Daga nan na gane abin yi. Kowace rana bayan azahar ya faɗi yanki guda na gonar, ni kuma in tafi in dawo da shi da kuskure biyu ko uku. Ba na yin da yawa, kada ya fid da rai da ni. Na dasa masa gyaɗa a inda ruwa ke kwanciya. Na mai da surin kudu. Na ce ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, furen ado ne mai kyaun gani, ranar kuwa sai da tsoho mai ciwon ido ya ba shi haƙuri. Yakan kwanta da safe yana jiran la'asar, yana tsara abin da zai gyara, hannunsa a ƙirji, ya manta da tsinke. Wani lokaci ina naɗi yana cewa, “Jiya ka ce kalgo uku. Huɗu ne. Na huɗun ƙarami ne amma yana nan.” Tsutsar kuma tana zuwa kaɗan-kaɗan.

Na faɗa wa manjo dabarar. Ya ce, “Wannan ne karo na farko da rashin saninka ya amfani wani. Ci gaba.”

Muna cikin haka ranar ƴancin kai ta zo. Tun safe ake jin ganguna daga wajen fada, ƴan lakwal suna wucewa a jere da ƙananan tutoci, masu iya tafiya cikin majiyyata duk sun fita bakin ƙofa. Na shigo ɗaki na tarar da mutumina zaune, ya sauko da ƙafar lafiya ƙasa, yana laluben takalminsa.

Ya ce, “An ce nasara sun sauka.”

Na ce haka ne.

“To takardarsu ta mutu ke nan. Ka rubuta abin da ka ga dama.”

Babu littafin kawuna da ya tanadi wannan. Manjo ne ya shigo da sabuwar riga, zai tafi wurin taro, ya ji ƙarshen maganar.

Ya ce, “Baba, wa ya ce maka ta mutu? Kabad ɗin nan da ka gani, yana nan inda yake. Mabuɗi ne kawai zai koma hannun namu.”

Mutumin ya yi tunani. Ya ce, “Namu, ƴan ƙasa?”

“Ƴan ƙasa.”

“Waɗanda suka san gawo.”

“Wasunsu.”

Ya mai da ƙafarsa kan gado a hankali. Ya ce, “To gara a gyara da kyau. Nasara ko ya karanta ba zai gane ba. Waɗannan dariya za su yi mini.”

Sai dai gonar ba ta da iyaka biyar. Mun gama gabas, da kudu, da yamma, da tsakiya, har da hanyar awaki. Arewa ce ta rage, kuma na lura duk lokacin da muka doshe ta sai ya koma kan wani abu da muka riga muka gyara. Na tambaye shi sau biyu, ya ce babu komai a can. Tsutsar kuwa manjo ya ce da sauran kamar kwana biyar. Ba ni da sauran wurin yin kuskure sai nan.

Saboda haka na ƙirƙira. Na zo na karanta masa cewa arewacin gonar fili ne da ba a taɓa nomawa ba, ba ice, ba shuka, babu wanda ya taɓa sa masa hauya.

Ban ji “tsaya” ba. Na ɗaga kai. Yana kallon rufin ɗaki.

Ya ce, “Akwai magarya.”

Na rubuta.

“Daga magaryar zuwa iyaka, ƙanena ne yake nomawa. Tare muke fita, shi ya kama daga arewa, ni daga kudu, mu haɗu a gawo mu sha fura. Bara kurkunu ya fito masa. A gwiwa. Ciyawa ta taso, ni kaɗai, na ga ba zan iya ba. Na ce masa, kai, abin nan saura kaɗan, ja shi mu tafi. Ya ja.”

Tsoho mai ciwon ido ya daina motsi a gadonsa.

“Bai ga kaka ba. Bana ban shuka wajen ba. Rubuta cewa ni na ce masa ya ja.”

Ina da kalmomi da yawa da suka dace da irin wannan wuri. Na san yadda ake kwatanta hawaye, na san abin da zuciya take yi a shafi na arba'in. Alƙalamin ma ya fara tafiya da kansa. Na tsai da shi, na rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ban tafi ɗakin magani ba.

Ya ce, “Karanta.”

Na karanta.

Ya ce, “Haka ne.”

Ya juya ya fuskanci bango. Na zauna ina jira ko zai ƙara wani abu, sai na ji numfashinsa ya canza. Ya yi barci har aka kira magariba, da rana tsaka, mutumin da bai taɓa yi ba. Na buɗe kaye na daɗe ina kallon gefen hagu, sannan na rubuta: ya yi barci. Kalmomin da na rubuta wa mutum goma kafin shi ke nan, ban sami wasu ba.

Kwanakin da suka rage ban kawo masa kuskure ko ɗaya ba, shi ma bai nema ba. Aka yi ruwa mai ƙarfi ranar Talata, ya tashi zaune ya shinshina, ya ce na gero ne, ya koma ya kwanta. Da safiyar kwana na shida ina naɗi sai na ji tsinken ya yi sako-sako a hannuna, wutsiyar ta fito da ɗan lanƙwasarta, cikakkiya. Na kira manjo. Ya ɗaga ta a haske ya duba, ya ce, “To, Baba, ga baƙuwarka. Ka sallame ta.”

Mutumin ya dube ta ya ce, “Duk wannan a ƙafa ɗaya.”

Bayan kwana biyu matarsa ta zo da jaki. Ta ce ƴan'uwanta sun yi maimai daga kudu har gawo, yamma kuwa ciyawa ta ci rabi. Ya ce rabin da ya rage ya isa a yi masa hauya. Ya taka ƙafar a ƙasa, ya ɗaga, ya sake takawa. Sannan ya ce in karanta masa gonar duka, daga gamba har magarya. Na karanta, matar tana tsaye tana ji. Da na zo arewa ta sunkuyar da kai ta gyara igiyar jakin da ba ta bukatar gyara. Bai gyara mini ko kalma ba.

Ya ce, “Yage mini su.”

Na ce takardar gwamnati ce.

“Gonar tawa ce.”

Na dubi manjo. Manjo ya dubi taga. Na yage shafukan a hankali, ya ninke su huɗu ya sa a aljihun ƴar shararsa.

Da ya hau jaki sai ya kira ni da hannu. Na matso, ina tsammanin irin maganar da ake yi a shafin ƙarshe.

Ya ce, “Ɗan lakwal, gyaɗar nan da ka dasa mini a cikin ruwa, da gangan ka yi.”

Na ce, “I, Baba.”

“Da surin. Da ƙuduji.”

“I.”

“Tun kwana na uku na sani. Babu mai rashin sani haka a jere.” Ya gyara zama. “Amma gawon nan na farko, ba da gangan ba ne.”

“A'a, Baba.”

“Na sani. Shi ya sa na zauna. Na ce mutumin da bai san gawo ba, ba a barin sa shi kaɗai da takarda.”

Matar ta ja jakin suka fita ta ƙofar kudu.

Lokotoro bai taɓa tambayar binciken ba, kuma kafin wata damina ya koma ƙasarsu. Kayen ya daɗe a akwatina, da giɓin shafukan a tsakiya. A shafin da ya biyo bayan giɓin, gefen dama babu komai, don ban karanta wa kowa komai ba ranar. A hagu na rubuta: ya tafi da ƙafarsa biyu. Da na tashi daga aiki na biya ta bayan ganuwa, inda na san akwai gawo, na tsaya a gindinsa na ɗaga kai. Babu ganye ko ɗaya.